Kwafin da ya manta da mai shi

Ranar 25 ga Disamba, 2015, mutanen da suka shiga Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta na kamfanin Valve da ke Amurka, sun fara ganin abin da suka kasa gane kansa. Wani ya buɗe shafin ya tarar da shi cikin Rashanci, alhali Turanci ya zaɓa. Wani ya latsa wurin bayanan asusunsa, sai ga adireshin imel na mutumin da bai taɓa sani ba, da jerin wasannin da wancan ya saya, da adireshin da ya bayar wajen biyan kuɗi, da lambobi biyu na ƙarshe na katin bankinsa. An ɗauki kusan awa ɗaya da rabi a haka kafin a rufe kantin. Bayan kwana biyar Valve ya fito da bayani, ya ce abin ya shafi mutum kimanin 34,000.

Babu wanda ya fasa rumbun bayanan kamfanin, ba a kuma saci kalmar sirrin kowa ba. Abin da ya faru shi ne, an kawo wa kantin harin toshe hanya, irin wanda ake turo buƙatu barkatai don a danne kwamfutocin, har cunkoso ya ƙaru da kashi 2,000 cikin ɗari bisa abin da aka saba gani a lokacin gwanjon ƙarshen shekara. Don rage nauyin, kamfanin da ke taya Valve ajiye kwafin shafuka ya sauya tsarinsa. A sauyi na biyu aka yi kuskure: tsarin ya fara ajiye shafukan mutanen da suka shiga da sunansu, yana miƙa wa duk wanda ya zo bayansu. Garin neman gira aka rasa ido.

Wannan labarin na fi son farawa da shi duk lokacin da ake maganar ajiyar kwafi, domin yana nuna cewa al'amarin ya wuce batun sauri. Batun amana ne.

Shafin da kake gani a wayarka yawanci ba a ajiye yake a haɗe ba. Idan ka nema, babbar kwamfutar da ke riƙe da shi, wadda masu sana'ar ke kira saba, ita ce za ta je rumbun bayanai ta ɗauko wannan, ta ɗauko wancan, ta lissafa, ta jera, sannan ta aiko maka. Aikin yana cin lokaci da ƙarfin na'ura. In mutum dubu goma suka nemi labari ɗaya a minti ɗaya, ɓarna ce a gina shi sau dubu goma. Sai a gina sau ɗaya a ajiye kwafi a kusa, duk wanda ya zo a miƙa masa. Wannan ita ce ajiyar kusa, kuma ba a wuri ɗaya take ba. Akwai wadda ke cikin manhajar kanta, akwai ta manhajojin ajiya irin su Memcached ko Redis da sabobi da yawa ke tarayya a kai, akwai wadda ke tsaye a bakin ƙofa kamar Varnish, akwai ta kamfanoni irin su Akamai da Cloudflare da Fastly da suka baza kwamfutoci a biranen duniya, sannan akwai ta cikin burauzarka. Shafi ɗaya yana iya samun kwafi a hawa biyar, kowane hawa da agogonsa.

Ajiyewa ba ta da wuya. Wuyar ita ce sanin lokacin da kwafi ya daina zama gaskiya. Akwai maganar da ake jingina wa Phil Karlton, injiniya a kamfanin Netscape, cewa abu biyu ne masu wuya a ilimin kwamfuta: soke kwafin da aka ajiye, da raɗa wa abubuwa suna. Ni a ganina abubuwan biyu ɗanjuma ne da ɗanjummai, domin yawancin kuskuren soke kwafi daga sunan da aka ajiye shi da shi yake farawa.

Duk kwafin da aka ajiye yana da mabuɗi, wato alamar da za a neme shi da ita. Mai wanki da ke karɓar kayan gidaje da yawa ya san wannan: in bai sa wa kowane ƙulli alama ba, ran da aka zo karɓa zai ba Malam Audu rigar Malam Sani. A intanet mabuɗin da aka fi amfani da shi shi ne adireshin shafi. Ga shafin labari wannan ya isa, domin kowa abu ɗaya yake gani. Amma shafin "asusuna" adireshinsa ɗaya ne ga kowa, abin da ke cikinsa ne ya bambanta. Abin da ke bambanta ni da kai ɗan guntun rubutu ne da ake kira kuki, wanda saba ke ba burauza lokacin da mutum ya shiga da sunansa, burauza kuma ta riƙa nuna shi a kowace buƙata har zaman ya ƙare. In ajiyar kusa ta kalli adireshi kawai ta yi biris da kuki, to ƙullin kowa alamarsa ɗaya. Irin wannan ne ya sami Steam.

Mai hankali zai ce, to a sa kukin cikin mabuɗin mana, kowa ya sami nasa kwafin. Ƙa'idar HTTP, wadda burauza da saba ke bi wajen magana da juna, ita ma ta tanadi hakan, akwai umarnin Vary da ke gaya wa ajiya ta bambanta kwafi bisa kuki ko harshe. Nan ne matsala ta biyu ke ɓullowa, kuma ita ce ta fi yawa a aikin yau da kullum, ko da yake ba ta shiga labarai.

A ɗauki shafin makaranta da ke nuna jadawalin jarrabawa. Mai rubuta manhajar ya lura cewa ɗauko jadawalin daga rumbu yana da nauyi, sai ya yanke shawarar ajiye shi cikin zaman kowane ɗalibi da zarar ya shiga, wato ɗan ma'ajin da manhaja ke ware wa mutum shi kaɗai daga shigarsa zuwa fitarsa. Shafi ya yi sauri, kowa ya ji daɗi. Da rana sai jami'in jarrabawa ya mayar da wata takarda daga Laraba zuwa Talata. Manhajar ta gyara rumbu, ta kuma goge kwafin da ke cikin zaman jami'in, don haka shi da ya duba sai ya ga komai daidai. Amma ɗalibai ɗari takwas da ke ciki a lokacin, kowannensu yana riƙe da nasa kwafin na safe, kuma buƙatar jami'in ba ta da hannun da za ta kai cikin zamansu. Da gangan aka gina zama a haka, don kada wani ya taɓa na wani. Katangar da ke kare sirri ita ce kuma ta hana gyara isa. Ɗalibin da ya bar shafinsa a buɗe zai ci gaba da ganin Laraba har sai ya fita ya sake shiga, in ma ya yi hakan kafin Talatar ta wuce.

Abin da ke sa irin wannan kuskure ya daɗe ba a gano shi ba shi ne, wanda ya yi gyaran kullum daidai yake gani. Mai gwada manhajar ma haka, tunda da asusu ɗaya yake gwadawa. Sai ƙorafi ya zo daga waje, a ce wa mai ƙorafin ya sake buɗewa, ya buɗe ya ga daidai, a rufe magana. Ciwon yana nan.

Haɗarin ya fi girma idan abin da aka ajiye cikin zama izini ne. An sallami ma'aikaci da safe, an cire shi daga jerin masu iya ganin albashin jama'a, amma zamansa na jiya yana ɗauke da kwafin da ke cewa yana da iko. Ko mutum ya sauya kalmar sirri saboda an sace wayarsa, amma zaman da ke cikin wayar bai mutu ba. A nan tsohon kwafi ya zama ƙofa a buɗe.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da kwana-kwana: abin da na jama'a ne kada a ajiye shi cikin zaman mutum ɗaya. Jadawali, farashi, sanarwa, jerin kaya, duk wurinsu ajiyar tarayya, inda kwafi ɗaya ne kuma gogewa ɗaya ta isa. Zama ya riƙe abin da ke nuna ko wane ne mutumin, sai ɗan abin da shi kaɗai ya shafa. Shafin da ya haɗa biyun kuma a raba shi, a ajiye gangar jikin da kowa ke gani, a gina gefen da ke ɗauke da suna daban.

Wikipedia misali ce mai kyau, kuma duk wanda ya taɓa gyara muƙala a sashenta na Hausa ya ga alamar wannan tsari ko bai sani ba. Mai karatu da bai shiga da suna ba, kwafi ake ba shi daga cibiyar da ta fi kusa da shi, irin ta Amsterdam ko Marsai ko Singafo. Edita da ya shiga da suna kuwa, kukinsa na sa a tsallake wannan hawan a kai buƙatarsa can ciki. Amma ko a can ba daga farko ake gina masa komai ba: gangar muƙalar tana da nata kwafin na tarayya, sunansa da sanarwowinsa ne ake ɗorawa a kai. Idan aka gyara muƙala, manhajar MediaWiki tana aika saƙon gogewa zuwa cibiyoyin. Inda abin ke ɗaukar lokaci shi ne gyaran samfuri, wato guntun da aka saka cikin dubban muƙaloli. Gyara ɗaya ya ɓata kwafin dubban shafuka, don haka sai a jera aikin a layi a riƙa yi sannu a hankali. Shi ya sa edita kan gyara samfuri ya ga wasu shafukan ba su sauya ba tukuna, shi ya sa kuma aka tanadi hanyar da mutum zai tilasta gogewar shafi da hannunsa.

Batun samfurin nan ya taɓo asalin wahalar. Kafin ka goge kwafi sai ka san waɗanne kwafe-kwafe ne suka dogara da abin da ya sauya. Farashin buhun shinkafa ɗaya yana iya bayyana a shafin kayan, da shafin farko, da sakamakon bincike, da kwandon sayayyar mutane. Wanda ya rubuta sashen gyaran farashi bara bai san cewa bana wani ya ƙara sabon shafin da ke nuna farashin ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sa wa kwafi wa'adi, a ce bayan minti biyar ya mutu da kansa. Wasu suna raina ta, amma ni ban yarda a ajiye kwafi ba tare da wa'adi ba ko da akwai wata dabarar a kai, domin wa'adin ne ke iyakance tsawon ɓarna ran da sauran dabaru suka gaza. Illarta a fili take: cikin mintunan nan biyar ana iya faɗa wa mutane abin da ya riga ya sauya. Ga labarin ƙwallo ba komai, ga ragowar kuɗin asusu ba zai yiwu ba.

Sai gogewa kai tsaye. Varnish, wadda Poul-Henning Kamp ɗan ƙasar Denmak ya rubuta aka fitar a 2006 saboda jaridar VG ta Norwe, tana da hanyar goge adireshi ɗaya da kuma hanyar haramta duk kwafin da ya dace da wani siffa. Fastly da ire-irensa sun ƙara abin da ya fi amfani: a liƙa wa kowane shafi tambarin abubuwan da aka gina shi da su, ta yadda in kaya mai lamba 45 ya sauya, a ce a goge duk mai ɗauke da tambarin 45. Kyan wannan shi ne shafin da kansa ne ke faɗin iyayensa lokacin da ake gina shi, ba sai mai gyara ya tuna ba. Varnish kuma, yadda ta zo daga masu ita, ba ta ajiye amsar buƙatar da ta zo da kuki. Masu gaggawar neman sauri sukan cire wannan birki, kuma a daidai nan ake yawan zamewa.

Dabarar da na fi so kuwa ba ta goge komai. Ana sa lambar bugu cikin mabuɗin, kamar yadda littafi ke da bugu na ɗaya da na biyu. Jadawali yana bugu na 7, kwafinsa an ajiye shi da suna "jadawali, bugu na 7". Jami'i ya yi gyara, lamba ta koma 8 a wuri ɗaya na tarayya. Duk buƙatar da ta zo daga kowane zama za ta fara duba lambar, abin da ba shi da nauyi, ta nemi kwafin bugu na 8, ta rasa, ta gina sabo. Tsohon yana nan amma ba mai tambayarsa, har ajiya ta cika ta jefar da shi. David Heinemeier Hansson ya yayata wannan salon a 2012 a tsakanin masu amfani da Ruby on Rails, wani tsarin gina shafukan intanet. Ita ce kuma maganin matsalar zama da na kawo a sama. Ba sai ka shiga zaman ɗalibai ɗari takwas ba, kowannensu ne zai zo ya tarar lamba ta sauya. Haka ma izini: a ba kowane mai asusu lambar bugu, ran da aka sauya ikonsa ko kalmar sirrinsa a ƙara ta, duk zaman da ke ɗauke da tsohuwar lamba a ƙi karɓarsa.

Ko an yi duk wannan, akwai tarkon da ke ɓoye cikin tazarar ƙiftawar ido. Buƙata ta farko ta nemi kwafi ta rasa, ta je rumbu ta karanta farashi naira 500. Kafin ta dawo ta ajiye, buƙata ta biyu ta mayar da farashin 600 ta kuma goge kwafi, amma babu abin gogewa tukuna. Sai ta farko ta iso ta ajiye 500. Yanzu ajiya na riƙe da tsohon farashi bayan an riga an yi gogewa, kuma ba wata gogewar da ke tafe. A ƙaramin shafi wannan kan faru jefi-jefi, a babba kuwa kullum ne. Injiniyoyin Facebook sun bayyana yadda suka tunkare shi a wata takarda da suka gabatar a 2013 kan yadda suke amfani da Memcached, manhajar da Brad Fitzpatrick ya rubuta wa shafin LiveJournal a 2003. Duk buƙatar da ta rasa kwafi sai a ba ta tikiti, kuma ba za a karɓi ajiyarta ba sai da tikitin. In gogewa ta zo a tsakani, tikitin ya mutu, a ƙi karɓar tsohon bayanin. Sun kuma daina dogara da kowace manhaja ta tuna gogewa a ko'ina, suka sa wata manhaja ta musamman tana bin rajistar sauye-sauyen rumbun MySQL tana baza saƙon gogewa daga nan.

Tikitin ya yi musu wani amfanin. Idan kwafin abin da kowa ke nema ya mutu, dubban buƙatu ne ke rugawa rumbu lokaci ɗaya, kamar garken shanu da aka buɗe wa hanyar ruwa. Da aka taƙaita bayar da tikitin mabuɗi ɗaya zuwa sau ɗaya cikin daƙiƙa 10, ɗaya ke zuwa rumbu, sauran su ɗan jira. A gwajin da suka bayar, tambayoyin da ke kai wa rumbu a lokacin cunkoso sun sauko daga 17,000 a daƙiƙa zuwa 1,300. Kamfanin ya san zafin wannan tun ranar 23 ga Satumba, 2010, lokacin da shafin ya tsaya kusan awa biyu da rabi. An saka wani bayani mara inganci a rumbu, tsarin da ke duba ingancin kwafi ya ga kuskure ya koma rumbu neman daidai, rumbu ya cika ya fara ba da amsar gazawa, tsarin ya ɗauki gazawar a matsayin wani kuskuren ya sake goge kwafi, aka shiga zagaye. Sai da suka kashe shafin gaba ɗaya kafin rumbun ya farfaɗo. Saboda haka maɓallin "goge komai" da ke cikin manhajoji da yawa ba abin latsawa ba ne a tsakiyar cunkoso.

Hawa na ƙarshe shi ne wanda hannun saba ba ya kaiwa ko kaɗan: burauzar mutum. Abin da ka ce wa burauza ta riƙe na kwana ɗaya, ya tafi, ba ka da hanyar kiranta ta dawo da shi. Dole tun lokacin aikawa a faɗi hukuncinsa, ta umarnin Cache-Control da ke cikin ƙa'idar HTTP, wadda sabon bugunta kan ajiya shi ne RFC 9111 na watan Yuni, 2022. Sunayen umarnin suna ruɗar mutane. Wanda ake kira no-cache ba ya hana ajiyewa, cewa yake a ajiye amma a tambayi saba kafin a nuna, in abin bai sauya ba ta amsa da lamba 304 ba tare da sake aiko shi ba. Wanda ake kira private yana hana ajiyar tarayya riƙewa amma ya bar burauza ta riƙe. Mai hana ajiyewa ɗungurum shi ne no-store. Bambancin yana da muhimmanci a wurinmu, inda har yanzu mutane da yawa a shagon intanet suke duba sakamakon jarrabawa ko cike takardar neman aiki, a kwamfutar da mutum goma za su zauna a kanta kafin magariba. Ɗaliba ta fita daga asusunta ta tashi, na bayanta ya zauna ya latsa kibiyar komawa baya. Ko zai ga sunanta da makinta ko ba zai gani ba, ya dogara da wane daga cikin umarnin nan mai rubuta shafin ya zaɓa.

Ko shi ma umarnin ba ya aiki sai in hawan da ke gaba yana saurarensa. A 2017 wani mai binciken tsaro, Omer Gil, ya nuna yadda za a yaudari ajiyar tarayya, ya kuma gwada a kan PayPal, shafin biyan kuɗi ta intanet. Ya ɗauki adireshin shafin asusu ya ƙara masa wutsiyar ƙarya da ke kama da sunan fayil ɗin ado, irin mai ƙarewa da css. Saba ta yi watsi da wutsiyar ta aiko shafin asusun mutumin kamar kullum. Ajiyar da ke bakin ƙofa kuwa wutsiyar ta kalla, ta ɗauka fayil ne na kowa da kowa, ta ajiye. Abin da ya rage wa mai mugun nufi shi ne ya sa mutum ya latsa irin wannan adireshin yana cikin asusunsa, sannan shi ma ya buɗe adireshin ya karanta. Kowane hawa ya bi dokar da aka ba shi, dokokin ne ba su san juna ba. Gyaran da aka ba da shawara shi ne saba ta ƙi amsa adireshin da ba ta sani ba, ajiya kuma ta daina hukunci da wutsiyar suna, ta bi umarnin da saba ta rubuta a kan amsar.